Kafewar Tushen Nilu: Abin da Ya Faru da Zafin Atlantika Ya Daina Isa Tekunan Arewa

Tafkin Tana da ke kan tsaunukan Habasha, inda Shuɗin Nilu ke fitowa, faɗi gare shi amma ba zurfi. Inda ya fi zurfi bai wuce mita 15 ba. Henry Lamb na Jami'ar Aberystwyth da abokan aikinsa sun bi samansa da na'urar da ke harba sauti cikin laka tana sauraren amsa-kuwwarsa. A ƙarƙashin laka mai laushi suka ci karo da wani shimfiɗi mai tauri. Da aka soka bututu aka ciro, sai ga ƙasa wadda ta taɓa bushewa ƙayau har ta danƙare. A hoton da na'urar ta zana kuma, kusa da bakin tafkin, ana ganin kwazazzabai da ruwa ya yanka a kan shimfiɗin, da tudun gaɓa hagu da dama. Rafi ba ya yanka kwazazzabo a ƙasan tafkin da ke cike. Ke nan an yi zamanin da Tana fili ne, rafukan damina na ratsa shi.

Rahoton ya fito a 2007, kuma lakar da ke saman shimfiɗin ta ba da labarin daki-daki. Daga shekara 16,700 zuwa 15,100 kafin yau (masana kan fara ƙirga wannan "yau" daga 1950) tsakiyar tafkin fadama ce ta ciyawar bardi, irin wadda ta cika Sudd, babbar fadamar Farin Nilu da ke Sudan ta Kudu. Daga nan ruwa ya fara taruwa, amma da yake ba shi da mafita, rana na sha tana barin gishiri, sai ya yi ɗan zartsi. Ƙananan tsirran ruwa da ake kira dayatom, irin masu jure gishiri, su suka nuna haka. A wajen shekara 14,750 zartsin ya ɓace farat ɗaya: tafkin ya tumbatsa ya zuba cikin Shuɗin Nilu. Tafkin Biktoriya, tushen Farin Nilu, shi ma haka. Tun 1996 Thomas Johnson da ayarinsa suka nuna akwai tsohuwar ƙasar tudu a ƙarƙashin lakarsa. A bushe yake har wajen 15,000, bai kuma zuba cikin Nilu ba sai wajen 14,500.

Kada a ɗauka Shuɗin Nilu ya ɓace. Ko a yau abin da Tana ke bayarwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na ruwan kogin ba. Sauran daga rafukan da ke shiga shi a hanya ne, irin su Didesa da Dabus da Beles. Abin da ya ɓace shi ne ruwan rani. Kafin a gina madatsar Sinnar a 1925, da ta Jabal Auliya a 1937, da ta Rusairis a 1966, Shuɗin Nilu ne ke kawo ambaliyar Agusta, Farin Nilu kuma ya riƙe kogin da rani, yana ba da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ake gani a watan da kogi ya fi janyewa. Cire tafkunan biyu, sai Nilu baki ɗaya ya koma halin Dindir da Rahad, rafukan damina da ke zuba cikin Shuɗin Nilu: ya zo da ƙarfi a damina, ya tsinke ya zama kududdufai da rani. Aikin da Martin Williams da Donald Adamson suka shafe shekaru suna yi a tsakiyar Sudan ya nuna sawun wannan hali: tsofaffin hanyoyin Shuɗin Nilu cike da yashi da tsakuwa a ƙarƙashin Jazira, filin noman da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, da tuddan yashi da ake kira goz da iska ta tura har cikin kwarin Farin Nilu. Manomin da ke aikin hawasha, wato gonar ban-ruwa, a Jazira, ko mazaunin Maiwurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu, da ke kallon kogi kullum, a kan wannan tarihi yake tsaye.

Me ya kawo wannan fari? Amsar da hujjoji suka fi goyon baya tana can nesa, a tekunan da ke tsakanin Girinlan da Aisilan da Norwe.

Yadda teku ke kai zafi arewa

Yankin ekweita na karɓar zafin rana fiye da wanda yake mayarwa sama, ƙuryar arewa da ta kudu kuma suna asarar fiye da abin da suke samu. Iska da teku ne ke kwashe rarar su kai inda aka gaza. Atlantika ta fita daban da sauran tekuna: a cikinta zafi arewa yake tafiya ko'ina, har a ɓangarenta na kudu, ya tsallake ekweita ya wuce. Ruwa mai ɗumi na tafiya arewa a saman mita 1,000, ya huce, ya yi nauyi, ya nutse, ya dawo kudu ta ƙasa tsakanin mita 1,000 da kusan 4,000 zuwa 5,000. Wannan shi ne juyin Atlantika.

Tun 2004 ake auna shi kai tsaye a layin digiri 26.5 arewa, daga Filorida zuwa gaɓar Maroko, a shirin RAPID na Birtaniya da Amurka. Ma'aunin shi ne Sverdrup: mita kubik miliyan ɗaya a daƙiƙa. Lissafin kashi uku ne. Ruwan da ke bi ta mashigin Filorida ya kai Sverdrup 31 zuwa 32, ana gane shi ta wata tsohuwar wayar tarho da ke kwance a ƙasan mashigin, domin ruwan gishiri idan ya ratsa maganaɗisun duniya yana haifar da ɗan lantarki a wayar. Iska na tura wani Sverdrup 3 zuwa 4 arewa a fatar teku. Sai a cire kusan 18 da ke komawa kudu ta sama a tsakiyar tekun, wanda ake lissafawa daga igiyoyin da aka kafa a ƙasan teku ɗauke da ma'aunan zafi da gishiri. Abin da ya rage, kimanin Sverdrup 17, shi ne juyin. Nilu a Aswan na kawo mita kubik biliyan 84 a shekara, wato kusan 2,700 a daƙiƙa. Juyin ya ninka shi fiye da sau 6,000.

Zafin da yake ɗauka ana iya lissafa shi da alƙalami. Mita kubik na ruwan teku kilo 1,025 ne, kowane kilo na sakin kusan jul (ma'aunin makamashi) 4,000 idan ya huce da digiri ɗaya, kuma tsakanin ruwan da ke tafiya da wanda ke dawowa akwai bambancin kusan digiri 15. A ninka su da miliyan 17, a sami kimanin petawat ɗaya, wato ɗaya da sifili 15 na wat. Abin da RAPID ke aunawa gaba ɗaya kusan petawat 1.2 ne, kusan sau 60 na duk makamashin da ɗan Adam ke amfani da shi.

Makullin abin yana wurin nutsewa. Atlantika ta fi Fasifik gishiri, domin iska na kwashe tururinta ta tsallake Fanama da shi. Wannan ruwa mai giram 35 da ɗoriya na gishiri a kilo yana shiga tekunan arewa ta tsakanin Aisilan da Sikotilan da ɗumin digiri 8 zuwa 9. Iskar hunturu ta zuƙe ɗumin, ruwan ya sauka kusa da sifili, ya nutse, ya cika kwarin da ke bayan tudun ƙarƙashin ruwa da ya tashi daga Girinlan zuwa Sikotilan, sannan ya malalo kudu: kusan Sverdrup 3 ta mashigin Denmak, kusan 2 ta kwazazzabon Faro. A tekun Labrado da na Irminga ma ana ƙara masa. To ga inda rauni yake. A ruwa mai sanyi ƙwarai, hucewar digiri ɗaya ba ta ƙara nauyin da ya kai kilo 0.1 a mita kubik, amma giram ɗaya na gishiri yana ƙara kusan 0.8. Saboda haka idan ruwan daɗi ya malale a sama ya rage gishirin da giram ɗaya kacal, duk sanyin hunturu ba zai nutsar da shi ba. Zai kai digiri 1.9 ƙasa da sifili ya daskare yana saman. Ƙanƙarar ta rufe teku, ɗumin da ke ƙasa ya rasa hanyar fita iska.

Kamar tur'a ce, wato magudanar ban-ruwa: in aka toshe ƙarshenta, ruwan da ke shigowa ta bakinta ma sai ya ragu. Da ya ragu, gishirin da yake kawowa daga kudu ya ragu, ruwan arewa ya ƙara zama na daɗi, nutsewa ta ƙara wuya. Henry Stommel ya nuna tun 1961, da lissafin akwatuna biyu kawai, cewa irin wannan tsari na iya zama a hali biyu, mai ƙarfi da mai rauni, kuma fita daga ɗaya zuwa ɗaya ba a hankali take zuwa ba. Sai dai nutsewa ba ita kaɗai ke juya tekun ba. Iskokin yamma da ke kewaye Antatika, da gaurayar ruwa a zurfi, su ke ɗago ruwan ya dawo sama.

Yadda ake karanta abin a laka, da inda karatun ke ɓaci

A tsakiyar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, daga shekara 26,500 zuwa 19,000 kafin yau, bargon ƙanƙara ya rufe Kanada da arewacin Turai, teku ya janye da mita 120 zuwa 130. Juyin bai tsaya ba a lokacin, amma bai kai zurfin yau ba: ruwan arewa ya tsaya a wajen mita 2,000 zuwa 2,500, ruwan Antatika ya cika abin da ke ƙasa. Lamarin da muke nazari ya zo bayan nan, daga wajen 18,000 zuwa 14,700.

Shaida ta farko yashi ce. Ana sauke dogon bututu daga jirgi ya nutse cikin lakar teku, a ciro sandar laka, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a tsaga kowace biyu. Rabi a adana a sanyin digiri 4, rabi a yi aiki da shi. Ana ɗibar santimita ɗaya-ɗaya, a busar, a auna nauyi, a wanke a kan rariya mai ido maikiron 63 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sannan a tankaɗe abin da ya rage a rariyar maikiron 150 a zuba a faranti ƙarƙashin madubin ƙara girma. A lakar tsakiyar teku abin da ido ke gani fararen ɓawon foraminifera ne, ƙananan halittu da ba su wuce ƙwayar yashi ba. Amma a wasu shimfiɗu sai ɓawon ya yi ƙaranci, farantin ya cika da ƙwayoyin dutse masu kaifin baki. Ba kogi ko iskar da za ta kai irin wannan tsakiyar Atlantika. Tsibiran ƙanƙara masu yawo ne suka ɗauko shi a cikinsu, suka zubar da suka narke. Hartmut Heinrich, masani Bajamushe, ya bayyana shimfiɗu shida irin wannan a 1988, shi ya sa ake kiransu da sunansa. Da yawa daga ƙwayoyin dutsen farar ƙasa ne, a ɗiga musu asid su yi kumfa, kuma asalinsu mashigin Hudson ne a Kanada. Shimfiɗun sun fi kauri kusa da can, suna sirancewa in aka yi gabas, a ziri tsakanin digiri 40 da 55 arewa. Na baya-bayan nan, mai lamba 1, ya faɗo cikin lokacin da muke magana.

Matsala ta farko tsutsotsin ƙasan teku ne, masu gauraya santimita 5 zuwa 10 na saman laka. Inda laka ke taruwa santimita 2 a shekara 1,000, sun cakuɗa tarihin shekara dubbai ke nan, ba za a iya cewa wane ya riga wane ba. Dole a nemi wurin da igiyar ƙasan teku ke tara laka da sauri. Bututun kansa ma yakan miƙar da saman sandar ko ya watsar da shi, don haka ake haɗawa da gajeren bututu na dabam don saman.

Shaida ta biyu ta sanyi ce. Ana ƙirga ɓawo 300 a kowane samfur a ga kashi nawa ne na wani nau'i mai son ruwan ƙanƙara, Neogloboquadrina pachyderma. A wannan lokaci ya mamaye samfura har kusa da gaɓar Fotugal. Aibin wannan ma'auni shi ne, da ya kusa kashi 100 ya ƙure. Ko sanyi ya ƙaru ba zai nuna ba.

Shaida ta uku ita ta fi kusa da auna saurin juyin kansa. Yuraniyom da ke narke a teku na rikiɗa ya haifar da toriyom-230 da furotaktiniyom-231, a kaso tsayayye na 0.093. Dukansu suna manne wa ƙurar da ke nutsewa, amma toriyom cikin shekara 20 zuwa 40 ya sauka, furotaktiniyom kuwa sai ya yi 100 zuwa 200 yana yawo. Idan ruwan ƙasa na gudu kudu, yakan tafi da furotaktiniyom kafin ya sauka, sai kason da ke cikin lakar arewa ya faɗi ƙasa da 0.093. Idan ruwan ya tsaya, kason ya hau. Jerry McManus da abokansa sun auna wannan a 2004 a sandar da aka ciro kusa da Bamuda, daga zurfin kusan mita 4,500. A lakar zamaninmu kason bai kai 0.06 ba. Daga wajen 17,500 ya hau har ya kusa 0.093, ya zauna a can, sannan a wajen 14,700 ya faɗo kwatsam. Inda ake jayayya shi ne, ɓawon dayatom na jan furotaktiniyom fiye da sauran ƙura, don haka yawaitar dayatom kaɗai na iya ɗaga kason ko da ruwa na gudu. Wanda zai yi wannan awo dole ya auna yawan ɓawon dayatom a samfur ɗin, ya kuma gwada da sanduna daga zurfi dabam-dabam. Da aka yi haka, abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne juyin ya yi rauni ƙwarai kuma ya koma sama-sama. Cewa ya mutu murus wuce gona da iri ne.

Sai babbar matsala, wato shekaru. Kabon-14 na raguwa da rabi a shekara 5,730, da shi ake gane shekarun ɓawo. Amma ruwan saman teku na gauraye da tsohon ruwan ƙasa, don haka ɓawon da ya mutu yau yakan nuna kamar ya shekara 400. An saba cire 400 ɗin. A lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Atlantika kuwa, ruwan ya daina musayar iska da sama, wannan tsufan ƙarya ya haura shekara 1,000. Duk wanda ya cire 400 kawai ya tura lamarin baya da ɗaruruwan shekaru, kuma dukan muhawarar a kan ɗaruruwan shekarun nan take. A tafki ma akwai irin wannan tarko idan ruwan ya bi ta dutsen farar ƙasa, shi ya sa iri ko ganyen tsiron tudu ya fi ɓawo aminci. Busasshen shimfiɗi irin na Tana kuma ba a iya ba shi shekara kai tsaye, domin iska ta kwashe samansa. Abin da ke sama da shi da abin da ke ƙasa ake aunawa, a ce farin na tsakani.

Ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika ta fi laka daidaito, kuma akwai dabarar haɗa agogonsu. Iskar metan na gauraye duniya cikin 'yan shekaru, don haka hawa da saukarta a kumfar iskar da ke cikin ƙanƙara iri ɗaya ne a arewa da kudu. Thomas Blunier da Edward Brook sun yi amfani da wannan a 2001. Abin lura shi ne kumfar ba ta rufewa sai dusar ta nutse mita 50 zuwa sama da 100, don haka iskar ta fi ƙanƙarar da ke kewaye da ita ƙuruciya: da 'yan ɗaruruwan shekaru a yammacin Antatika inda dusa ke sauka da yawa, da dubbai a gabashinta.

Wane ya riga wane

Da farko an ɗauka tsibiran ƙanƙarar Hudson ne suka narke suka kashe juyin. Jerin shekarun bai yarda ba. Zuwa wajen 19,000 rana ta bazara ta riga ta ƙara ƙarfi a arewa, bargon Turai ya fara narkewa, ruwansa na zuba Atlantika ta wani babban kogi da ke gudana inda mashigin Ingila yake yanzu. Juyin ya fara rauni wajen 18,000 zuwa 17,500. Yashin Hudson bai iso da yawa ba sai bayan 17,000. A 2015 Stephen Barker da abokansa sun duba sandar laka daga kudu da Aisilan mai tarihin shekara 400,000, suka ga sau da yawa sanyi ke riga yashi zuwa. Shaun Marcott kuma ya nuna a 2011 cewa ruwan da ke zurfin kusan mita 1,200 a arewa maso yammacin Atlantika ya ɗumama da kimanin digiri 2 kafin yashin ya zo. Bayanin da ya fi dacewa da duka wannan shi ne: juyi ya yi rauni, ƙanƙara ta rufe sama, ɗumi ya maƙale a ƙarƙashinta, ya ci gindin ƙanƙarar da ke bakin mashigin Hudson, ita kuma ta ɓalle. Tsibiran sun tsananta lamarin sun kuma tsawaita shi, amma ba su suka fara shi ba.

Zafin da bai isa arewa ba bai ɓace ba. Ya taru a cikin teku, ya ɓulla kudu. Daidai wannan lokaci Antatika ta yi ta ɗumama, tekun da ke kewaye da ita ya saki iskar kabon dayoksaid da ke ɓoye a zurfi, yawanta a sama ya tashi daga kusan kashi 190 cikin miliyan zuwa kusan 240. Wato raunin juyin, duk da sanyin da ya jefa Turai da farin da ya jefa mu, yana cikin abin da ya fitar da duniya daga zamanin ƙanƙara. Irin wannan musaya ta faru sau da dama: Girinlan ta yi ɗumamar farat ɗaya har kusan sau 25 a zamanin ƙanƙara na ƙarshe. Ƙanƙarar da shirin EPICA na Turai ya haƙo a Antatika ta nuna a 2006 cewa gwargwadon daɗewar sanyi a arewa, gwargwadon ɗumamar kudu. Ta WAIS Divide, da aka haƙo a yammacin Antatika, kuma ta nuna a 2015 cewa Antatika na amsawa ne bayan kimanin shekara 200. Iska ba ta ɗaukar shekara 200; wannan tafiyar teku ce.

A wajen 14,700 juyin ya farfaɗo. Girinlan ta ɗumama da kusan digiri 10 cikin shekaru gomomi, ɗumamar Antatika ta tsaya, Tana ya tumbatsa, Biktoriya ya biyo baya, Farin Nilu ya yi ambaliyar da ta haura ta yau. Kusancin 14,750 da 14,700 abin sha'awa ne, amma kuskuren awon tafki ya fi shekara 50 nesa ba kusa ba, don haka iyakar abin da za a ce shi ne lokaci guda ne a cikin iyakar awo. Abin da ya ƙara wa hujjar ƙarfi shi ne maimaituwa: daga 12,900 zuwa 11,700 juyin ya sake rauni, kuma a lakar Tana akwai alamar wata janyewa wajen 12,000.

Daga tekun Norwe zuwa damina

Zirin damina, wato layin ruwan sama da ke kewaye duniya kusa da ekweita, na karkata ne zuwa rabin duniyar da ya fi ɗumi. A yau teku na tsallakar da kusan petawat 0.4 arewa ta ekweita, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa matsakaicin zirin ke arewa da ekweita. Idan teku ya daina kai zafin, iska ce za ta ɗauki aikin, kuma ba ta iya yi sai zirin ya ja kudu. Lissafi ya nuna kimanin digiri 3 ne ga kowane petawat, kuma idan aka haɗa duniya baki ɗaya, matsawar wancan lokaci ba ta kai digiri ɗaya ba. Wannan kamar kaɗan ne, sai an tuna ƙasarmu Sudan. Damazin na samun kusan milimita 700 a shekara, Khartum bai kai 200 ba, tazararsu kuma digiri 4 ce kawai. A irin wannan gangare digiri ɗaya na raba mai girbe dawa da wanda bai mayar da iri ba.

Duk da haka matsawa kaɗai ba ta isa bayani ba. Gaskiya ne kudu ta jiƙe: arewa maso gabashin Barazil, da tudun Bolibiya, da kwarin Zambezi. Amma Biktoriya a kan ekweita yake, ya kuma bushe. Curt Stager da abokansa sun tattara shaidu a 2011 suka nuna farin na 17,000 zuwa 16,000 ya game daga Afirka har kudancin Asiya, ya kuma ratsa kudu da ekweita. Saboda haka sai an ƙara abu biyu: iska mai sanyi da bushewa daga arewacin Atlantika ta raunana zafin Sahara da ke janyo iskar damina, tekun Indiya kuma ya yi sanyi ya rage tururi. Biktoriya na da saurin kamuwa, domin kusan kashi 80 na ruwansa daga ruwan saman da ke sauka a kansa ne. Can yamma, lakar da Stefan Mulitza ya nazarta a 2008 daga bakin kogin Sanagal ta nuna ƙura ta maye gurbin lakar kogi a duk lokacin Heinrich. Yankin Sahel ne ke nan tun daga bakin Atlantika, ƙasar Hausa na ciki.

Bahar Maliya ma tana da abin faɗa, ko da yake a daidai wannan gaɓa muryarta ta shaƙe. Ba kogin dindindin da ke shiga ta, rana na shan kusan mita 2 a shekara, kuma hanyarta ɗaya ta asali zuwa babban teku ita ce ta Babul Mandab, inda tudun Hanish ke da zurfin mita 137. Duk lokacin da teku ya janye, musayar ruwa ta ragu, gishiri ya ƙaru a ruwan, oksijin-18 (nau'in oksijin mai nauyi) kuma ya ƙaru a ɓawo. Da wannan Mark Siddall da Eelco Rohling suka fitar da tarihin tsayin teku na shekara 470,000 a 2003, da kuskuren mita 12 sama ko ƙasa. Amma a tsakiyar zamanin ƙanƙara ruwan da ya rage a kan tudun bai kai mita 20 ba, tsibiran Farasan sun haɗe da gaɓar Jizan, gishiri ya haura giram 49, foraminifera masu yawo a sama suka mutu. Sandunan da ake cirowa tsakanin gaɓar Bur Sudan da ta Jidda na nuna shimfiɗi marar ɓawonsu, da ɓawon dutse mai tauri da gishirin ya haifar. Don haka tsayin teku na wannan lokaci daga murjanin Babados da Tahiti ake ɗauko shi, kuma na Tahiti ya nuna hawan mita 14 zuwa 18 cikin kusan shekara 350, farawa daga wajen 14,650.

Game da yau, a yi hattara da kwatance. Babu bargon Kanada yanzu. Girinlan na asarar kusan tan biliyan 270 a shekara, wato kusan Sverdrup 0.01, alhali gwaje-gwajen kwamfuta da ke durƙusar da juyin sukan zuba 0.1 zuwa 1. Sai dai yanzu akwai abin da babu a wancan lokaci: saman tekun arewa na ɗumama, ɗumi kuma na rage nauyi. Rahoton IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, na 2021 ya ce da wuya juyin bai yi rauni a wannan ƙarni ba, amma tabbacinsa cewa ba zai durƙushe kwatsam kafin 2100 ba matsakaici ne kawai. Alaƙar teku da daminarmu kuwa mun gan ta da ido: Chris Folland da abokansa sun nuna a 1986 cewa farin Sahel, wanda ya kai ƙarshen tsanani a Darfur da Kurdufan a 1984, ya zo ne lokacin da tekunan arewa suka yi sanyi idan aka gwada da na kudu. Wannan ba durƙushewar juyi ba ce, ɗan bambancin zafi ne da bai kai digiri ɗaya ba. Awon RAPID kansa sai a 2004 aka fara shi, kuma yana hawa da sauka sosai: daga 2009 zuwa 2010 juyin ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, galibi saboda sauyin iska, sannan ya farfaɗo. Kafin a iya ware raguwa ta dindindin daga irin wannan kai-komo, sai igiyoyin sun ƙara shekaru gomomi a cikin ruwa.